Wankakkun Alkaluma

Kamfanonin da ke sarrafa sinadaran man fetur ba su saba haɗuwa da juna ba sai a gaban alƙali. Saboda haka ranar da aka ji cewa biyar daga cikinsu sun haɗa kai za su yi bincike guda, duk wanda ya san halinsu sai da ya nemi a maimaita masa labarin. Abin da suke nema shi ne manhajar kwamfuta da za ta riƙa daidaita zafi da matsi a masana'antunsu, ta buɗe bawul, wato makullin bututu, ta rufe bawul, ba tare da ta jira hannun ɗan Adam ba. Aka kafa kwamiti, aka ɗauko wani Farfesa daga jami'a ya ja ragamar aikin, aka kuma amince kowace masana'anta za ta miƙa alkaluman aikinta na shekara guda. Daga cikinsu ne manhajar za ta koyi halin injuna, kamar yadda sabon ma'aikaci ke koyo a bayan tsoho.

Wakilin ɗaya daga cikin masana'antun a wannan kwamiti shi ne mutumin da kowa ke kira Injiniya, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Mutum ne mai son tsari. Teburinsa ba ya kwana da takarda a kai, hular kwanonsa ba ta da ƙwarzane ko ɗaya, kuma tun da ya fara aiki ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, abin da yake yawan tuna wa kansa idan ba a samu mai tuna masa ba.

A masana'antar tasu akwai wata doguwar hasumiya inda ake raba iskar gas mai sauƙi da mai nauyi, a gindinta kuma akwai bawul ɗin da ke shigar da tururi. Ma'aikata Tsohuwa suke ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Tsohuwa takan yi aiki lafiya ƙalau, rana tsaka kuma ta cije, a yi ta cewa ta buɗe ta ƙi motsi. Maganinta sananne ne. Wanda ke zaune gaban allo a ɗakin kula zai fara karɓe ragama daga hannun kwamfuta, ya mayar da umarni daidai inda Tsohuwa ta tsaya, sannan ya ɗauki oba-oba ya ce da ma'aikacin waje, “A je a gaida Tsohuwa.” Na waje ya ɗauki babbar sifana ya ƙwanƙwasa mata a wuya, ta saki, a ci gaba da aiki. Ba a taɓa kai ƙararta sama ba, domin canza ta sai an tsayar da hasumiyar, kuma ba a samu mai sha'awar a ce shi ya nemi a tsayar ba.

Mutane sun iya rufa wa Tsohuwa asiri, amma alkaluma ba su san kara ba. Ranar da Injiniya ya buɗe su domin ya aika wa kwamiti, sai ya gan ta ko'ina: layi ya miƙe ya sandare, can kuma ya yi tsalle, wato nan ne aka gaishe ta. A ransa ya hango Farfesa ya haska wannan abin kunya a bango, wakilan sauran kamfanoni suna kurɓar shayi suna kallo. Ya kwashi abin ya kai wa Manaja.

Manaja bai ko sa tabarau ba. Ya ce, “Ka dai dudduba su kafin su fita. Baƙi ne za su gani.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma daga baya Injiniya ya juya maganar ta kowace fuska bai sami umarni a cikinta ba. Yarjejeniyar ta yarda a cire alkaluman da na'urar awo ta yi kuskure a kansu. Na'urar kuwa ba ta yi kuskure ba, gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar mummuna ce, kuma tsakanin mummuna da kuskure tazara ce da mai son tsari kan tsallake bai ji a jikinsa ba. Ya yanke duk wurin da Tsohuwa ta cije, ya haɗe bakin layi da baki, ya goge tabon. Da ya gama ya kalli aikinsa, sai ya ga wata masana'anta mai ladabi da biyayya, wadda bai taɓa aiki a cikinta ba.

A taron kwamiti na gaba Farfesa ya haska alkaluman a bango kamar yadda Injiniya ya hango, sai dai yabo ne ya biyo baya. Ya ce bai taɓa ganin hasumiya mai natsuwa irin wannan ba, kuma tunda ba a fara gwada sabon abu a kan mai gardama, a can za a yi gwajin farko. Aka tafa. Wakilin babban kamfanin da suka fi adawa da shi ya miƙo hannu, da murmushin wanda aka ci wa kasuwa. Injiniya ya san nan ne wurin magana. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne godiya a madadin hukumar gudanarwa.

Bayan haka ya yi abin da zai iya, ko abin da ya kira haka. Ya nemi a canza bawul ɗin kafin gwaji, aka ce sai lokacin babban gyara. Ya lura Tsohuwa ta kwana biyu ba ta cije ba, ya riƙe wannan hannu bibbiyu. Sannan, da yake Farfesa ya nace kada a tsoma wa manhajar hannu, shi da bakinsa ya tara ma'aikatan ɗakin kula ya ce ranar gwaji kada wanda ya taɓa allo.

“Ko da me ya faru, ranka ya daɗe?” in ji Rediyo.

“Ko da me ya faru.”

“To madalla. An daɗe ana cewa kwamfuta za ta karɓe mana aiki, ban dai san za a gayyace mu kallo ba. A taimaka a sa mana kujeru masu taushi.”

Rediyo mijin ƙanwar Injiniya ne, autarsu, wadda har yau Auta ake ce mata duk da 'ya'yanta sun shiga makaranta. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin ba ya kashewa sai in barci ya ɗauke shi. Injiniya ne ya yi masa hanyar aikin. A masana'anta yana ce masa ranka ya daɗe, a gida kuma Yaya. Ba gwani ba ne, ba kuma malalaci ba. Irin ma'aikacin nan ne mai yin abin da ya tarar ana yi. Jadawalin aiki ne ya zaunar da shi gaban allon hasumiyar ranar gwaji.

A ranar, ɗakin kula ya cika da baƙi sanye da sabbin hulunan kwano, waɗanda ba su da amfani a ɗaki mai rufi da na'urar sanyi, amma ba wanda ya yarda ya fara cirewa. Da safe komai ya tafi kamar an zana. Manhajar takan ɗan ƙara tururi, ta ɗan rage, layuka na tafiya sannu a hankali, Farfesa ya harɗe hannu a baya yana bayani. Bayan an ci abincin rana Tsohuwa ta cije.

Injiniya ya riga kowa gani, domin ba wanda ya san kamannin wannan layi kamar wanda ya sha goge irinsa. Manhajar ta ce a buɗe, ba a buɗe ba. Ita kuwa ba ta taɓa jin labarin bawul ɗin da ake wa magana ya ƙi ji ba, saboda haka ta ɗauka muryarta ce ba ta kai ba. Ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ta kai umarnin ƙarshen ma'auni. Rediyo ya waiwayo ya dubi surukinsa. A daidai lokacin wakilin babban kamfanin nan yana yi wa Injiniya tambaya a kan wani abu dabam, shi kuwa ya ba tambayar dukan hankalinsa, ya amsa ta dalla-dalla, har da misali.

Rediyo ya jira, hasumiya na ta hucewa a gabansa. Daga nan ya yi abin da ya ga zai raba gardama. An hana shi taɓa allo, bai taɓa ba. Ba a hana shi oba-oba ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa-ƙasa, “A je a gaida Tsohuwa.”

Gaisuwar kuwa kashi biyu ce, kuma ya bar na farkon, wato karɓe ragama a mayar da umarni inda Tsohuwa ta tsaya. Da sifana ta sauka, bawul ɗin ya saki, ya tarar da umarnin da ke jiransa, ya wangale gaba ɗaya. Tururi ya kwarara, matsi ya hau, ƙararrawa ta cika ɗakin, na'urar tsaro ta kashe sashen baki ɗaya. Ta taga baƙi suka ga harshen wuta ya tashi a kan dogon bututun da ake ƙone rarar iska, da baƙin hayaƙin da aka hango har cikin gari. Ba wanda ya ji ciwo. An dai yi asarar kaya, an kuma ji kunya a gaban abokan adawa, wadda ita ce hukumar gudanarwa ta fi ji a jiki.

Farfesa ya faɗi abin da ya sani, kuma tsakaninsa da Allah ya faɗa: manhajarsa tana cikin aiki aka je aka doki bawul da ƙarfe. Ma'aikacin waje ya ce shi aikensa aka yi. Laifin ya gangara, kamar yadda ya saba, har ya tsaya a kan wanda ba shi da na ƙasa da zai miƙa wa. Aka dakatar da Rediyo, aka kafa kwamitin ladabtarwa, wanda kowa a masana'antar ya san ƙofa ɗaya yake nuna wa mutum.

Ranar hutu da hantsi Auta ta zo gidan yayanta, mijinta na biye da ita. Matar Injiniya ta kawo ruwa da lemo ta kunna fanka. Rediyo ya wuce kujeru duka ya zauna a gefen kafet, kusa da ƙofa.

“Tashi ka hau kujera mana,” in ji Injiniya.

“Nan ma ya yi, Yaya.”

“Ƙyale shi, Yaya,” in ji Auta. “Tun da abin nan ya faru ko a gida haka yake. Ko tari ba ya yi. Jiya ƙaramar take tambayata wai ko batirin Baba ne ya ƙare.”

Matar Injiniya ce kaɗai ta yi dariya, ita ma ta haɗiye ta a rabi.

Rediyo ya murza hularsa a hannu. Ya ce, “Ni ba roƙo na zo yi ba, haƙuri na zo ba ka. Kai ka kawo ni wurin nan. Kai ka tsaya a gabanmu ka ce kada a taɓa, har na yi ta surutuna. Ga shi na kunyata ka a gaban baƙi, ranar da ya kamata a ce ranarka ce.”

“Ya wuce.”

“Bai wuce ba, Yaya. Ka san abin da ke hana ni sukuni? Ita manhajar ai ta san Tsohuwa. Shekara guda cur aka ba ta ta karanta, babu ranar da Tsohuwa ta cije da ba ta gani ba. Da na ƙara haƙuri kaɗan, da ta fito da dabararta. Ni ne dai da rawar kai.”

Injiniya ya ɗauki kofin ruwa, ya duba cikinsa, ya ajiye bai sha ba. Kalmomin suna nan a bakinsa, kaɗan ne ma, ba su fi ƙarfin numfashi guda ba. Ya dubi Auta, wadda ya goya tana ƙarama, ya dubi mutumin da ke zaune a ƙasa yana ba shi haƙuri.

Ya ce, “Kowa yana kuskure.”

Sai da maganar ta fita ya ji yadda ta sauka: kamar ta babba mai yafiya. Rediyo ma haka ya ji ta, domin idanunsa sun kawo ruwa.

“Shi bai zo roƙo ba, ni na zo,” in ji Auta. “Yaya, in suka kore shi wa zai ɗauke shi? Kamfanoni biyar ne ke wannan aiki, kuma duka biyar ɗin suna tsaye a bayansa suna kallo ranar. Gidan da muke ciki ma na kamfani ne. Ina zan kwashi yara in nufa? Ka dai san ɗakin baƙinka ba zai ɗauke mu ba, balle ga bakin wannan in ya dawo.”

Da suka tafi, matarsa na kwashe kofuna ta ce, “Kai kuma me ya same ka? Tun da suka shigo kake kallon kafet kamar kai aka dakatar.”

“Aiki ne.”

“To, Injiniya,” in ji ta, ta wuce kicin.

Washegarin hutu ya shiga ofishin Manaja da niyyar da ya ɗaura tun daga gida, ya ƙi zama don kada ta kwance.

“Ranka ya daɗe, manhajar ba ta taɓa ganin bawul ɗin nan ya cije ba. Na cire.”

“Ka cire me?”

“Duk inda ya cije, daga alkaluman da muka aika.”

“Wa ya sa ka?”

Injiniya ya laluba cikin tsohuwar maganar nan ta dudduba su kafin su fita. Ya ce, “Ba wanda ya sa ni.”

“Madalla. Na so in ji daga bakinka. Yanzu zauna.”

Ya zauna. Manaja ya tashi ya tura ƙofa da kansa, sannan ya shimfiɗa masa lamarin a hankali, kamar mai koya wa ɗalibi darasin da ya riga ya sani. Abin da aka faɗa a gaban kwamitin ladabtarwa zai shiga rahoto, rahoto zai je wa Farfesa, daga Farfesa kuma sai kamfanoni huɗu su ji cewa an ba su wankakkun alkaluma sun gina aikin shekara a kai. Daga nan sai lauyoyi. Injiniya zai tafi, wataƙila ba shi kaɗai ba. Rediyo kuma ba lallai ya dawo ba, domin sifana dai an buga, kuma shi ya ce a buga.

“Kana tsammanin sauran ba su wanke nasu ba? Kowa ya wanke. Kai dai ka fi su iya wanki, shi ya sa aka zaɓe ka.” Manaja ya gyara zama. “Ban ga abin da surukinka zai ci a cikin gaskiyar nan taka ba. Amma akwai abin da zan iya. Ba za a kore shi ba. Za a ba shi gargaɗin ƙarshe, a mayar da shi filin lodi wurin tankoki. Ɗakin kula kam ya yi sallama da shi. Gidansa yana nan. Bawul ɗin kuma, tunda hasumiya ta tsaya da kanta ba wanda ya nema, a canza shi yanzu. Ka ga ko Farfesa sai ya sami irin masana'antar da ka nuna masa.”

Injiniya zai iya cewa a'a. Ya san zai iya, domin ba a ɗaure masa baki ba, ƙofar ma turawa kawai aka yi. Maimakon haka sai ya ji wani sauƙi ya sauko masa daga wuya har gwiwa, kuma wannan sauƙin ne ya fi komai ba shi kunya, a ranar da kuma bayanta.

A gaban kwamitin ladabtarwa aka kira shi shaida. Aka tambaye shi ko ya ba da umarni kada a taɓa allo, ya ce ya bayar. Aka tambaye shi ko ma'aikacin ya nemi izininsa kafin ya aika a doki bawul, ya ce bai nema ba. Haka ɗin ne kuwa: Rediyo waiwayowa kawai ya yi, kuma ba wanda ya yi tambaya a kan waiwaye. Rahoto ya ɗora abin a kan gaggawar ma'aikaci, ya ɗan ambaci tsufan wasu kayan aiki a layi na ƙarshe. Aka sake gwaji da sabon bawul, manhajar ta yi abin da aka ce za ta yi. Farfesa ya kira sunan Injiniya a jawabinsa, ya yaba da tsaftar aikinsa.

Filin lodi yana can ƙarshen masana'anta, inda kwalta ta ƙare, babu inuwa sai ta tankoki. Injiniya ya daɗe yana zagaye wurin ta doguwar hanya. Wata rana aka rufe doguwar hanyar don gyaran bututu, dole ya bi ta nan. Bai kai tsakiyar filin ba ya ga mutum ya tare gaban motarsa yana ɗaga hannu biyu, fuska ta yi baƙi da rana, riga ta jiƙe sharkaf.

“Ranka ya daɗe, tsaya, tsaya. Kai direba, sauko. Ku ma ku zo ku ga mutumin da nake ba ku labari.”

Muryar ta dawo, har ta fi da. Direbobin tanka suka sauko suna goge hannu a wando, suka kewaye motar. Dole Injiniya ya sauke gilashi.

“Wannan da kuke gani, shi kaɗai ya shiga ofishin Manaja, aka rufe ƙofa. Ni na ɓata masa aikin shekara a gaban baƙi, amma shi ya tsaya mini. Da yanzu ina can ina sayar da rake a bakin titi, ku kuma kun rasa mai ɗebe muku kewa.”

“Da mun huta,” in ji wani tsohon direba, ya miƙo wa Injiniya hannu ta taga. “Allah ya saka, yallaɓai. Irinku sun yi ƙaranci.”

Injiniya ya karɓi hannun, ya karɓi na bayansa, da na bayan wannan. Rediyo ya sunkuyo ya rage murya, irin ragewar da duk filin ke ji.

“Yaya, Auta ta ce kada in faɗa tukuna, amma ka san ni. Muna sa ran ƙaruwa. Mun riga mun yanke shawara, in namiji ne sunanka za mu sa masa.”

“Kada ku yi haka,” in ji Injiniya.

“Kun ji ko? Kullum haka yake, ba ya son a yabe shi.”

“Da gaske nake. Ku nemi wani sunan.”

Direbobin suka gyaɗa kai, suna ƙara ganin girmansa. Wata tanka ta danna hon a baya tana neman hanya. Rediyo ya ja gefe, ya buga rufin motar da tafin hannu, ya yi masa nuni ya wuce, yana ɗaga murya a bayansa cewa Auta ta ce ranar hutu a can za a ci abinci, kuma ba ta karɓar uzuri.